Bokitin Duwatsu Daga Kwatano

Har yau idan na zauna a bakin shagona a Yako, ba a rasa mai tsokanata da maganar nan: wai kowa ya je Kwatano yakan dawo da atamfa ko shinkafa ko tsohuwar mota, amma ni Habu na dawo da duwatsu cikin bokiti. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, wannan ya ji farko, wancan ya ji ƙarshe, kowa ya tafi ya ƙara nasa. Akwai ma wanda ya rantse wai asiri na je nema. To ga yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Yaya Sale wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya fi shekara ashirin yana aiki a ɗakin injin jirgin ruwa. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, abin da ya fi ba mutane mamaki cikin kayansa shi ne wani akwatin gilashi, da duwatsu masu ramuka a ciki, da kifayen teku guda uku, 'yan ƙanana masu ratsin baƙi da rawaya. Ruwan gishiri suke rayuwa a ciki. Wani direban tirela kan kawo masa jarka ɗaya daga Legas jifa-jifa. Akwai ɗan famfo mai hura iska cikin ruwan, da batirin mota yake aiki, tunda wuta ba ta iso mana ba a lokacin. Ni sana'ata gyaran injin ban-ruwa, saboda haka cajin batir da gyaran famfon a wuyana suke.

A cikin shekarun casa'in, lokacin da ake fama da wahalar mai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya zaga duniya ya koma daga katifa sai tabarma, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Abin da ya rage masa shi ne akwatin nan. Wuni yake yi yana kallon kifayen.

Ana saura wata guda Babbar Sallah muka kai shi asibiti Kano, muka kwana uku. Matarsa, Yaya Hajara, ta zauna a gida tana gyara saboda masu zuwa dubiya. Ta dubi duwatsun ta ga sun yi gansakuka, sun yi yauƙi, suna ƙarni. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali. Ta kwashe kifayen a kwano, ta goge duwatsun tas da soso da sabulu, ta shanya su a rana wuni guda. Ruwan kuma ta tace shi da farin ƙyalle, yadda ma'aikatan lafiya suka koya wa mata saboda kurkunu, ta mayar da komai wurinsa. Muka dawo muka tarar da akwati yana ƙyalli. Kwana biyu ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifi ɗaya ya juya ciki sama, washegari na biyu ya bi shi.

Yaya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mana sauƙi. Abinci kawai ya daina ci. A kai masa koko ya kau da kai, a kai fura ya rufe ido. Yaya Hajara ta yi kuka har fuskarta ta kumbura. A rana ta uku na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, don Allah faɗa min abin da za a yi." Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Dutse. Ya mutu." Ya sa na ɗauko wani tsohon ambulan a jakarsa, ya nuna min adireshin da hannun hagu. Wani Kosi ne, abokin aikinsa na jirgi, a Kwatano.

Gaskiya a raina na ɗauka ciwon ya taɓa hankalinsa, don ban taɓa jin dutse ya rayu ba balle ya mutu. Amma saura kifi ɗaya, shi kuma ga shi yana ramewa a gaban idona. Na canja rabin ruwan da sauran jarkar da ke ɗaki, na koya wa Yaya Hajara yadda ake sauya batir, na kama hanya.

Tafiyar zuwa ba ta da wani labari, ban da layin mai. A Kwanar Ɗangora na sami mota zuwa Kaduna, daga can na hau babbar bas. Kwana biyu muka yi kafin Legas, rabin lokacin muna tsaye a gidajen mai muna kallon direba yana rantse-rantse. Duk tsayawar da muka yi, ni lissafin kifin nake yi, ina cewa yanzu ya kwana ɗaya, yanzu ya kwana biyu. A bodar Seme wani ɗan Sakkwato mai canji ya kama hannuna ya tsallakar da ni ta tebur-tebur, ana ta buga min hatimi ana yi min tambayoyi da Faransanci, ni kuma ina cewa "to" ga duk abin da aka faɗa.

Kwatano gari ne da mata ke tuƙa babur, da zani da ɗan kwali da jariri a baya, kuma ba mai waiwayensu. Ni kaɗai na tsaya baki buɗe har wata ta kusa bi ta kaina. Fetur kuwa, wanda muke kwana a layi dominsa, ga shi nan a kwalabe a bakin titi, kuma aka ce min namu ne ya tsallako. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka gama tambayar mutum iyali ya yi nisa. Na sauka a zango wurin wani dattijo Bakano mai saukar baƙi, aka ba ni tabarma a zaure da wani dogon burodi mai tauri wanda ya kusa cire min haƙori. Da gari ya waye mai masaukin ya haɗa ni da ɗan acaɓa, ya karanta masa adireshin.

Kosi gajere ne, kakkaura, kansa fari fat. Yana jin Hausa irin ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da na ambaci sunan Yaya sai ya rungume ni, da na faɗa masa halin da yake ciki sai ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife. Shi ba Musulmi ba ne, amma da azahar ta yi, ban ce komai ba ya shimfiɗa min tabarma ya nuna min gabas. Ya ce shekara tara yana yi wa Sale haka a cikin jirgi, duk inda jirgin ya juya.

Sana'arsa yanzu haɗa wa otal-otal da gidajen Turawa irin wannan akwati. Ya shiga da ni wata rumfa a bayan gida, ya nuna min hanyoyin da ake tsabtace ruwan. Akwai wani inji kamar ƙaramar tukunya, yana zuƙo ruwa ya bi da shi ta cikin auduga da gawayi ya dawo da shi garau. Akwai wani akwatin da aka shimfiɗa wa tsakuwa a ƙasa, ruwa na ratsawa ta cikinta. Ni dai idona na kan injin. Na ɗaga shi, na juya shi, na ga abin da na gane.

Na ce, "Baba Kosi, wannan nake so. Ko ya lalace ni zan gyara."

Ya ce, "Wuta a garinku awa nawa?"

"Ba mu da wuta. Batir ne."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan yana shan batir kafin la'asar. In ya tsaya rabin wuni, datti na cikinsa yana ruɓe. Ka kunna kuma, ya zuba guba a kan kifi. Mai tsakuwa ma haka, in ya toshe sai ka kwashe duka. Kai makanike, kana son abu mai ƙara."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Na ce to ai dai ruwan injin ya fi haske. Ya ce hasken ruwa ba shi ne lafiyarsa ba. Auduga tana kama abin da ido ke gani, amma abin da ke kashe kifi fitsarinsa ne da kashinsa da suka narke, kuma wannan ko ƙyalle goma aka sa ba ya tsayawa. Ya ciro wani dutse daga ruwa ya ɗora min a hannu. Ba shi da nauyi, duk ramuka, ga yauƙi, ga wani ja-ja a jikinsa. Ya ce a cikin ramukan nan akwai halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin, dare da rana, ba sa neman wuta, iska kawai suke so da ruwan gishiri. Su ne Yaya Hajara ta kashe da sabulu. A nan na gane hankalin Yaya ƙalau yake, nawa ne bai kai ba.

Abu ɗaya ya yarda in ƙara a kan duwatsun. Wani bututun roba ne a tsaye, ana hura iska daga ƙasansa ta cikin ɗan guntun katako, sai kumfa ta taso ta tara datti a wani ɗan kofi a sama, a zubar. Da famfon iskar da muke da shi zai yi aiki. Na dube shi sau biyu na ce wannan ko a Yako zan haɗa shi, ya ce shi ya sa ya nuna min. Na roƙe shi ya ba ni kifi ko biyu in tafi da su, ya ƙi. Ya ce ba za su kai Ilori da rai ba a wannan zafi, kuma akwatin da bai warke ba kabari ne. Dutse tukuna.

Washegari da safe, da ruwan teku ya ja baya, muka je bakinsa inda aka jibge manyan duwatsu. Ranar na fara ganin teku. Ba zan yi ƙarya ba, tsoro ya ba ni. Ni na saba da ruwan madatsar Tiga da ke kwance a wurinsa, wannan kuwa zuwa yake yi yana komawa yana gurnani. Kosi ya shiga har ƙirji, ni ina tsaye a tudu na naɗe wando ina riƙe da bokiti kamar mai amfani. Ya zaɓo guda bakwai. Ya naɗe su da tsumman buhu da ya jiƙa da ruwan teku, ya jera a babban bokiti mai murfi, ya huda murfin. Sannan ya cika min manyan jarkoki biyu.

Ya ce in riƙe su yadda fataken goro ke riƙe goro: kada su bushe, kada rana ta taɓa su, kada kuma in nutsar da su, don ruwan da ba iska ruɓewa yake yi. Duk lokacin salla in yayyafa musu daga jarka ɗaya, ɗayar kuma kada in buɗe ta sai a gida. Ya kama kunnensa ya ce, "Ruwan daɗi, ko kofi ɗaya, a'a. Yana kashe su kamar sabulu." Ya ce in na isa in sansana kowanne, mai ƙamshin bakin teku yana da rai, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in jefar. Da za mu rabu ya ce in gaya wa Sale injin ɗakin ƙasa yana gaishe shi. Ban gane ba, amma na riƙe.

A boda na sha wuya. Wani jami'i ya ga jarkoki ya ce giya ce ta gida. Na rantse, bai yarda ba, ya buɗe ɗaya ya kurɓa, ya furzar har a kan takalmina, abokan aikinsa suna ta dariya. Haushin dariyar ya sa ya koma kan bokitin. Ya ce ba mai hankalin da zai ɗauko duwatsu daga wata ƙasa sai in akwai wani abu a ciki. Ya zazzage su a kan siminti, cikin rana tsaka, ya sa aka kawo guduma ya fasa ɗaya. Ina tsaye ina kallon tsumman yana bushewa, ina cewa "ranka ya daɗe" da bakin da ke son faɗar wani abu dabam. Da bai ga komai ba sai ruwa da yauƙi, ya ce in kwashe haukata in ba shi wuri. Na tsince har gutsattsarin.

Direbobin bas a Legas suka ƙi ɗaukata, wai kayana na ƙarni. Sai na nufi kasuwar shanu, na sami tirelar da ta sauke dabbobi za ta koma Kano da buhunan garin kwaki da mutane a kai. Mu kusan ashirin ne, yawanci masu rakiyar shanu. A cikinsu akwai wani tsoho Bafulatani, dogo, siriri, da malafa da sanda, kowa na ce masa Baffa. Da muka gaisa ya ce shi daga wajen Burumburum yake, sai muka zama 'yan gida. Na cusa kayana a wani lungu tsakanin buhuna, na rufe da tabarma. Ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba, don na gaji da dariya, kuma wannan shi ne kuskurena.

Ranar farko lafiya. Muka kwana a Ilori. Rana ta biyu muka tsallake gadar Jebba, azahar ta same mu a Mokwa, zafi kamar a gasa mutum. Direba ya tsaya neman mai, ya ce kowa ya yi salla ya ci abinci. Na yayyafa wa duwatsuna ruwa, na sauka na tafi neman abin da zan sa a ciki. Na yi salla a wani masallaci a can, na tsaya layin mai shinkafa, na daɗe. Na dawo na tarar da komai yadda na bar shi, jarka a rufe, tabarma a kai. Na lura dai wasu na kallona suna kau da kai, na ɗauka ƙarnin ne.

Da la'asar, mota na tafiya, na buɗe bokiti na tuttula ruwa a kan tsumman, na zuba da yawa saboda zafin. Motar ta faɗa rami, ruwan ya fantsamo min a baki. Na lashe leɓena. Na sake lasa. Gishirin ya yi sanyi, kamar miyar da aka ƙara wa ruwa. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tun ɗazu: jarkar da nake ta ɗiba tun Kwatano cike take har wuya.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kan buhuna ba. Na ce, "Wane ne ya taɓa min jarka? Wane mara mutuncin ne?" Na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Na ce ɓarayi, na ce jahilai, ni da kwana huɗu da suka wuce ban san dutse na mutuwa ba.

Baffa ya cire malafarsa. Ya ce, "Ɗana, ni ne. Zauna kada ka faɗi."

Ya ce da aka tsaya, wurin ba ruwa kusa, lokacin salla na wucewa, sai wani ya ga jarka a ƙarƙashin tabarma. Matafiyi ba ya hana matafiyi ruwan alwala, saboda haka ba wanda ya ga laifin ɗiba. Da suka kurkure baki suka ji gishiri, wani malami a cikinsu ya ce ai ruwan teku ne, kuma alwala da shi ta halatta, sai suka ci gaba. Bayan an idar shi Baffa kunya ta kama shi, a ce an taɓa kayan mutum ba ya nan, a bar masa jarka rabi. Ya ɗauki butarsa ya yi ta sintiri zuwa wata rijiya can bayan tasha, cikin ranar nan, har ya cika min ita.

"Na ce ma na yi maka gyara," in ji shi. "Wancan ruwan ba ya shayuwa."

Tsoho ne sa'an mahaifina, ya yi min alheri iyakar saninsa, na zage shi a gaban jama'a. Na zauna, na ba su labarin Yaya tun daga farko. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce innalillahi, malamin nan ya sunkuyar da kai.

Yanzu ga duwatsu jiƙe da gurɓataccen ruwa, ga jarka ɗaya mai kyau wadda aka ce kada in buɗe sai a gida. In na wanke su da ita, ruwan da zan zuba a akwati ba zai isa ba. In na bar su, ban san ko za su kai Kaduna ba. Na tuna ruwa ana iya aika direba ya kawo, duwatsun kuwa sai an koma wurin Kosi. Na buɗe ta. Mutum biyu suka riƙe min bokiti, mota na jijjiga, na ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, na matse tsumman na sake jiƙa shi, ina ganin ruwan Yaya yana bi ta ƙasan tirela yana zuba a titi.

Baffa ya matso ya ce, "Buta shida na zuba. Na ƙirga. In an dafa shi buta shida ta tashi, ai gishirin yana nan, ko ba haka ba?" Na dube shi. Haka ne kuwa, kuma ni makanike ban kawo wannan ba. Na ce, "Baffa, ka yafe min abin da na faɗa." Ya ce, "Miƙo bokitin." Daga nan har muka iso gida bokitin nan a kan cinyarsa yake, ya kifa masa malafarsa, shi kuma kansa a rana. Da muka kwana a Tegina, mai ya yanke mana har wuni guda, shi ya riƙa tuna min lokacin yayyafi tun kafin ladan. A Kwanar Ɗangora muka sauka tare, ya tsaya har sai da na ɗaure kayana a bayan babur. Ya ce in gaida mai jiki. Ban ƙara ganinsa ba.

Kwanana tara da barin gida. Na shiga Yako da hantsi, na tarar da Yaya Hajara a tsakar gida tana tankaɗe. Tana ganina ta ajiye rariya, ba ta yi min sannu da zuwa ba, na san abin da ya faru.

Ta ce, "Habu, kifin, tun kwana uku da tafiyarka."

"Yaya fa?"

"Ruwa kawai, sai cokali biyu na kunu in na matsa. Ya juya wa akwatin baya."

Na zauna a kan turmi. Wato duk abin da na yi a boda da Mokwa, kifin ya riga ya mutu. Na ji kamar in ɗauki bokitin in watsar a bayan gida. Ita ce ta ce, "Tunda ka kawo, a sa mana. Faɗa min abin da zan yi, wannan karon ba zan yi komai da kaina ba."

Na ba ta gurɓatacciyar jarkar, na ce ta dafa a sabuwar tukunya har sai buta shida ta ƙone. Wuni ta yi a gaban murhu tana aunawa. Ni kuma na sansana duwatsun. Biyu sun yi warin ƙwai, na jefar. Sauran, har da gutsattsarin wanda aka fasa, ƙamshin bakin teku suke yi. Na zubar da tsohon ruwan, na haɗa bututun kumfa da guntun roba daga shagona. Da ruwan ya huce muka gwada shi da wani ɗan ma'aunin gishirin ruwa da ke cikin kayan Yaya, muka haɗa da sauran mai kyau, ya kawo akwatin kashi biyu cikin uku. Duk wannan a ɗakinsa muke yi, shi fuskarsa na bango. Na gaishe shi, na isar masa da saƙon Kosi na injin ɗakin ƙasa. Kafaɗarsa ta ɗan motsa, bai juyo ba.

Kwana biyu akwatin na nan, duwatsu da kumfa, ba abin da ke motsi a ciki. Masu dubiya su leƙa su ce ina kifin, in ce babu, su dube ni da tausayi. Yaya kuwa idanunsa sun faɗa, har na fara tunanin aika wa dangi na nesa.

A rana ta uku da safe na shiga sauya batir. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan gilashin. Ina durƙushe ina ɗaure waya sai na ga wani abu a jikin dutsen da aka fasa a boda. Daga wani ɗan rami, wani abu kamar gashin zabuwa ya fito a hankali ya buɗe, ya yi da'ira, yana kaɗawa. Na matsa kusa, inuwata ta faɗa masa, ya shige ciki fit. Can ya sake fitowa. A ƙarƙashinsa kuma wata 'yar ƙaguwa, ba ta fi ƙwayar wake ba, ta fito tana tafiya a karkace, tana tsintar wani abu tana kaiwa baki da hannu biyu. Tun daga Kwatano suke cikin dutsen, sun sha guduma, sun sha ruwan rijiyar Mokwa.

Na ƙwala wa Yaya Hajara kira. Ta shigo da kwanon koko a hannu, wanda kullum take kawowa ta mayar. Muka tsaya mu biyu a gaban akwatin muna nunawa da yatsa, tana cewa, "La ilaha illallahu, wannan kuma daga ina?" Ba mu ji juyowarsa ba. Sai dai muka ji murya a bayanmu, mai nauyi, da faɗa-faɗa a cikinta kamar da.

"Matsa. Kun tare min."

Muka dare gefe. Ya daɗe yana kallo, bai ƙifta ba. Yaya Hajara ta durƙusa kusa da katifar ta ɗebo koko a cokali, ta kai bakinsa. Idonsa na kan ƙaguwar ya buɗe baki, ta sake ɗebowa.